Ku Tambayi Bakanike: girman taya, giyar aksul da shan man dizal

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo mana wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato shan mai a motocin dizal da yadda taya da giyar aksul (giyar da take tsakanin tayoyin da suke jan mota) suke taɓa shi, don haka na haɗa su wuri guda tunda amsar wani tana shiga cikin ta wani.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da a-kori-kura mai dizal, tayar da ta zo da ita 265/70R16 ce sai aka ce min in na sa babbar taya mota zata rage shan mai tunda juyi ɗaya zai fi nisa, na je na sa 285/75R16. A da lita ɗaya tana kai ni kilomita 10, yanzu da ƙyar take yin 9. Me ya faru ne? Daga wani mai a-kori-kura.

Amsa: Ɗan'uwa kafin ka yanke wa tayar nan hukunci sai mun fara gyara ma'aunin, domin malejinka yanzu ba gaskiya yake faɗa maka ba. Maleji ba hanya yake aunawa ba, juyin taya yake ƙirgawa, kuma an saita shi ne a kan tayar da kamfani ya sa. Bari mu karanta lambobin. 265 faɗin taya ne a milimita, 70 kuma tsayin gefenta ne, kashi 70 cikin 100 na faɗin, 16 kuma girman wili ne a inci. In ka haɗa gefe biyu da wilin, tsohuwar tayarka tana da tsayin milimita 777, sabuwar kuma 834. Bambancin ya ɗan haura kashi 7 cikin 100. Kenan duk inda maleji ya ce ka yi kilomita 100 to 107 ka yi, wancan 9 ɗin da ka lissafa a zahiri 9.6 ne ko sama da haka kaɗan. Kaga asarar ba ta kai yadda ta tsorata ka ba.

Amma akwai asarar, ba zan ɓoye maka ba, kuma ga inda ta fito. Sabuwar tayar ta fi nauyi, nauyin kuma yana can nesa da tsakiyar wili, duk sanda zaka tashi daga tsaye sai inji ya kashe ƙarin ƙarfi kafin ya juya ta, in kuma aikinka na cikin gari ne, tashi tsaya tashi tsaya, to kullum biyan wannan kuɗin kake. Ta fi faɗi da milimita 20, ta ɗaga motar sama da kusan milimita 28, iska ta samu ƙarin wurin bugu a gaba da ƙarƙashi. In kuma irin mai manyan zane ce ta shiga daji, wannan ma wani shan man ne na daban. Sai wanda mutane ba sa lura da shi, allurar gudu tana nuna maka 100 kamar yadda ka saba alhali 107 kake yi, turjiyar iska kuwa ba daidai da gudu take hawa ba, da gudu sau gudu take hawa, ƙarin gudu na kashi 7 yana jawo ƙarin turjiya kusan kashi 15.

Wanda ya ce maka juyi ɗaya ya fi nisa bai yi ƙarya ba, rabin maganar ya faɗa. Babbar taya daidai take da ka canza giyar aksul zuwa mai ƙaramar lamba (zan yi bayanin lambar a amsa ta gaba), inji zai rage juyi a kan doguwar hanya amma ƙarfin jan da yake isa ƙasa ya ragu da wannan kashi 7 ɗin. Motar da dama juyinta yana daidai, in ka ƙara sauke shi sai ka ga kana danna totur fiye da da, in otomatik ce ta riƙa sauka daga giyar ƙarshe tana komawa a kowane ɗan hawa. In kana son ka ci gaba da tayar, ka sa a gyara maka saitin maleji in motar tana karɓa, in ba ta karɓa ka riƙa tuna cewa gudunka ya fi abin da kake gani, birki ma yanzu ya fi wahala kafin ya tsayar da ita. In kuma shan mai ne kaɗai ya sa ka saya, ni dai da zan koma girman da kamfani ya rubuta a jikin ƙofa.

Tambaya: Oga sannu da ƙoƙari. Ni direban tirela ne, doguwar tafiya nake yi a kan kwalta. In ina kan 80 a giyar ƙarshe agogon inji yana nuna kusan 1,700, inji na ta kuka, wani abokin aikina kuma a gudu ɗaya tasa ba ta wuce 1,300 kuma ya fi ni rage mai a tanki. An ce min aksul ɗina 4.11 ne, wai in canza. Menene ma'anar lambar nan, kuma canjin zai biya? Tayata 315/80R22.5 ce. Daga wani direban tirela.

Amsa: Yauwa maigida, wannan ita ce tambayar da na fi so a makon nan don ka kawo lambobi a hannu. 4.11 na nufin sai furofela, wato dogon ƙarfen da yake kai juyi daga giyabos zuwa aksul, ta juya sau 4.11 kafin taya ta juya sau ɗaya. A cikin aksul akwai giyoyi biyu masu haƙora, babbar ita ce kirawun, ƙaramar da take juya ta ita ce finiyan, in ka ƙirga haƙoran kirawun ka raba da na finiyan shi ne lambar, 37 a raba da 9 shi ne 4.11, 37 a raba da 10 shi ne 3.70. Lamba babba, ƙarfin ja da yawa amma inji na juyi da yawa. Lamba ƙarama, inji na hutawa a kan hanya amma tashi da lodi da hawa sun fi wuya. Kamar keke mai giya ne, wadda take sa ka hau tudu cikin sauƙi ita ce take sa ƙafarka juyin banza a shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Lissafin ba wuya, ɗauki biro. Taya 315/80R22.5 tana juyawa wajen sau 305 a kilomita ɗaya. A gudun 80 kenan 80 sau 305 a raba da minti 60, taya na juyi kusan 407 a minti. Ninka da 4.11 zaka samu 1,670, kaga ya yi daidai da abin da agogonka yake nunawa, wanda hakan ya nuna min giyar ƙarshe ta giyabos ɗinka kai tsaye take, ɗaya da ɗaya, ba ta ƙara gudu ba ta ragewa. Da aksul ɗin 3.70 ne da 1,500 zaka gani, da 3.08 ne 1,250, da 2.64 ne irin na sabbin tireloli da bai kai 1,100 ba. Abokin naka ko dai aksul ɗinsa ƙaramar lamba ce, ko kuma 4.11 ɗin ne shima amma giyabos ɗinsa yana da giyar ƙarshe mai ƙara gudu, irin 0.78, don 1,670 sau 0.78 yana ba da kusan 1,300. Shi ya sa kullum nake cewa kada a kalli lambar aksul ita kaɗai, taya da aksul da giyar ƙarshe lissafi ɗaya ne, abin da ake nema a ƙarshe shi ne inda allurar inji take tsayawa a gudun da ka fi yawan yi.

Dalilin da rage juyi yake rage mai shi ne duk juyi ɗaya akwai ƙarfin da yake tafiya a banza, gogayyar fistin da ringi, boris, famfon mai, famfon ruwa, fanka, da shaƙar iska da fitar da hayaƙi. Inji mai juyi 1,700 yana biyan wannan sau 1,700 a minti ko da aikin da yake yi bai fi na mai 1,300 ba. Abin da masu ƙera injuna da aksul suka saba faɗa shi ne duk ragin juyi 100 a gudun tafiya yana rage mai kusan kashi 1 cikin 100, matuƙar injin bai fita daga inda yake da ƙarfi ba. Don haka ka lura, daga 4.11 zuwa 3.70 juyi 170 ne kawai ka sauke, ragin man bai kai kashi 2 ba. Ga motar da take cin hanya dare da rana duk shekara kashi 2 ba abin rainawa ba ne, amma ba shi ne zai cike ratar da kake gani tsakaninka da abokinka ba in ratar babba ce, sai ka duba nozul, iskar taya, yawan barin inji a silo da kuma nauyin ƙafa.

Abin da zai sa in ce maka canza ko kada ka canza shi ne injin kansa. Injunan zamani masu kwamfuta suna ba da cikakken ƙarfin murɗawarsu tun daga wajen juyi 1,000, shi ya sa kamfanoni a Turai da Amurka suka yi ta sauke lambar aksul har ƙasa da 3, mota na gudun tafiya inji yana 1,100 zuwa 1,200. Tsoffin injuna marasa kwamfuta da yawansu sai sun haura haka sosai kafin ƙarfinsu ya zo. Ka dubi agogon injinka, akwai wurin da aka yi wa koren fenti, nan ne kamfani ya ce injin ya fi aiki da ƙarancin mai. In 1,700 ya fita daga koren to lallai kana ƙona mai a banza, 3.70 zai dawo da kai ciki. In kuma ka yi zari ka sa 3.08 a tsohon inji da lodi cike, allura zata faɗi ƙasan koren, inji ya riƙa nishi yana baƙin hayaƙi, zafin salansa ya hau, ƙaramin hawa sai ka sauke giya ɗaya ko biyu, kuma duk lokacin da ka bar giyar ƙarshe ribar nan ta tafi. Ga kuloci da zai sha wuya wurin tashi, ga furofela da kuros ɗinta, wato gaɓoɓin da suke haɗa ta, da zasu ɗauki ƙarin murɗa, don ƙarfin da ake fitarwa da juyi kaɗan dole murɗawar ta ƙaru, sabbin motocin an ƙera musu furofela mai ɗaukar wannan, tsohuwa ba lallai ba.

Ni shawarata, kafin ka kwance komai ka gwada abu na kyauta, ka sauke gudun zuwa 75 na wasu tafiye-tafiye ka auna. Juyi zai sauka zuwa 1,570, turjiyar iska ta ragu da kusan kashi 12, ka ci riba biyu ba tare da an ɗora wa motar sufana ba. In aksul ɗin ya zo lalacewa dama za'a canza kirawun da finiyan, to a lokacin ne canjin lamba yake da ma'ana sosai.

Tambaya: Salam Malam. Ina da tifofi masu ɗibar yashi da dutse, shan man dizal ya dame ni, wani ya ce a sa musu aksul irin na tirela zasu rage. Ya kake gani? Daga wata mai motocin haya.

Amsa: Hajiya kada ki yarda. Tifa ba a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya take yini ba, rami take shiga ta fito da lodi, ta taka laka da yashi, tafiyarta gajera ce, da wuya ta daɗe a giyar ƙarshe, ribar ƙaramar lamba kuwa a giyar ƙarshe kaɗai take. Tifofi da yawa ma aksul ɗinsu mai ragi biyu ne, bayan kirawun da finiyan akwai wasu ƙananan giyoyi a cikin cibiyar kowace taya, shi ya sa zaki ga cibiyar ta kumburo waje. Gaskiya ne irin wannan aksul ya fi shan mai kaɗan don haƙoran da suke gogayya sun fi yawa, amma shi ne yake ba motar ƙarfin fitowa daga rami kuma yake ɗaga cikinta daga ƙasa. In kika cire shi abin da kika rage a mai zaki mayar da shi ninki a kuloci da karyewar shaf. Inda man tifa yake zurarewa shi ne barin inji a kunne ana jiran lodi, tayoyi marasa iska, birki mai kamawa, matatar iska da ƙura ta toshe, da lodin da ya wuce ƙa'ida. Ki fara da waɗannan.

Tambaya: Malam na canza tayoyin baya duka, girma ɗaya da tsoffin, amma wallahi sai na ga mota ta ƙara shan mai. Ko jabu aka sayar min? Daga wani direba.

Amsa: Ba lallai ba ne ɗan'uwa, wannan abu ne sananne. Sabuwar taya zanenta yana da zurfi, robar tana lanƙwashewa tana miƙewa duk juyi, wannan motsin zafi yake zama, zafin kuwa man da ka saya ne. Suɗaɗɗiyar taya ta fi sauƙin mirginawa, amma ba dalili ne na yawo da ita ba don ranar ruwa ba ta riƙe hanya. Sannan in zanen ya cinye daga milimita 20 zuwa 4 tsayin tayar ya ragu da 32, maleji ya jima yana ƙara maka kilomitan da baka yi ba, yanzu da sabuwa ta zo ya daina.

Zanen da ka zaɓa ma yana da tasiri sosai, don a babbar mota a kan doguwar hanya turjiyar taya kaɗai tana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na man. Mai layi-layi a miƙe ta fi mai gunduwa-gunduwa sauƙin mirginawa. A Tarayyar Turai tun Nuwamba 2012 aka wajabta alamar da take nuna matakin shan man taya, daga Mayu 2021 aka mayar da ita A zuwa E, A ce ta fi, in ka ga tayar da take da wannan alama ka duba ta. Akwai kuma faffaɗar taya guda da take maye gurbin tagwaye, wato tayoyi biyu da ake ɗaurawa a jere a gefe ɗaya, irin 445/50R22.5 wadda Michelin ta fito da ita da sunan X One a shekarar 2000, tana rage nauyi da turjiya, sai dai ta hanya mai kyau ce kuma in ta fashe ba 'yar'uwar da zata riƙe ka. Abu mafi sauƙi dai geji, ka auna iska da safe taya na sanyi, bugun taya da ƙarfe ba ya faɗa maka adadin iskar da take ciki.

Tambaya: Oga in taya ɗaya ta fashe a tagwayen baya ban samu 315/80 ba, zan iya haɗa ta da 295/80 tunda duk wili 22.5 ne? Daga wani yaron mota.

Amsa: A'a ƙanina, sai dai ka lallaɓa da ita zuwa inda zaka samu daidai. 315/80R22.5 tsayinta milimita 1,076, 295/80R22.5 kuma 1,044, bambancin 32 kenan, alhali masu ƙera taya suna cewa kada tagwaye su bambanta da fiye da wajen milimita 6. An ɗaure su a wuri ɗaya dole su yi juyi ɗaya, babbar zata ɗauke kusan duk nauyin ta yi zafi har ta iya fashewa, ƙaramar kuma tana jan ƙasa tana suɗewa, duk wannan gogar mai ce take ci. Ko girma ɗaya ne kada ka haɗa sabuwa fil da wadda ta cinye. Haka in mota mai aksul biyu ce masu ja, tayoyin na gaba da na baya su zo kusa da juna a tsayi, in kuma za'a sa difaransha na hannu a ɗaya, wato kan aksul mai ɗauke da kirawun da finiyan, a tabbatar lambarsa ɗaya da ɗayan, in ba haka ba giyar da take raba ƙarfi tsakaninsu zata yi ta aiki ba hutu har ta ƙone. Masu fowil ma haka, wato motocin da tayoyin gaba da na baya duk suke ja, in an canza lambar aksul ɗin baya dole a canza ta gaba.

Tambaya: Malam motata ta hannu ce, farantin da ke jikin aksul ya goge, ta yaya zan san lambarsa? Kuma wace hanya ce ta gaskiya ta auna shan mai? Daga wani mai babbar mota.

Amsa: Alhaji hanya mafi tabbas ita ce ƙirga haƙora in an buɗe aksul ɗin, sau da yawa ma zaka ga an buga lambobin biyu a jikin kirawun. In baka so a buɗe kuma aksul ɗaya ne mai ja, a ajiye motar a wuri mai daidai babu lodi, a kashe inji, a sa waiji gaba da bayan sauran tayoyin, a ɗaga taya ɗaya ta baya a tokare da abin tokara mai ƙarfi ba jak kaɗai ba, giya a firi, a saki birkin hannu. Sa alli a taya da furofela, juya tayar sau 2 cif kana ƙirga juyin furofela daga gefe ba tare da ka shiga ƙarƙashi ba, abin da ka samu shi ne lambar, in ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya 4.11 kenan. Sau 2 ne saboda ɗaya tayar tana ƙasa ba ta motsi. In mai aksul biyu ce wannan dabarar tana rikicewa, gara ka bi ta lissafi, a giyar ƙarshe ka duba juyin inji, wani a gefenka ya duba ainihin gudu a taswirar waya, ninka juyin da 60, ka raba da gudun, ka sake rabawa da juyin tayarka a kilomita, in giyar ƙarshe mai ƙara gudu ce ka raba da lambarta ita ma.

Auna mai kuma, ka cika tanki har wuya a wuri mai daidai, ka rubuta maleji, ka yi tafiyarka, ka sake cikawa har wurin nan dai, litar da ta shiga ita ce ka sha. Ka gwada malejin da allunan kilomita na gefen hanya ko da waya a tafiya mai ɗan nisa don ka san kashi nawa yake ƙari ko ragi, ka gyara lissafin da shi. Tanki ɗaya ba ya isa hukunci don iska da lodi da cunkoso suna canzawa, ka tara kamar biyar a hanya ɗaya da lodi mai kama da juna kafin canji, biyar bayan canji, kuma kada ka canza taya da aksul a lokaci guda in kana son sanin wanne ne ya yi aikin.